Ƙarfe ma yana gajiya: Sautin da ke auna tsaga kafin mota ta tsaya a dajin Gatawa

Macen da ta san ciwon kuɗinta ba ta sayen tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa. Haka ake yi a Gatawa, haka a Sabon Birni da Isa: a ɗaga tukunya, a buge ta da bayan yatsa, a karkata kunne. Idan ta yi amo garau, sai a shiga ciniki. Idan amon ya mutu nan take, kamar an bugi buhun dusa, to akwai tsaga a wani wuri, ko da mai tukwane zai yi ta rantsuwa har yamma.

Direban da ke loda buhunan albasa da gero a bakin wannan kasuwa ba shi da irin wannan gata. Shaf ɗin da ke juya tayoyin bayan motarsa, da sifirin da ke ɗauke da kayan, da ƙusoshin da suka riƙe taya, kowannensu yana iya ɗauke da tsagar da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ko ya buga da guduma amon ba zai canza ba. Ranar da amon zai canza, yawanci saura ƙiris ƙarfen ya rabu biyu.

A wasu garuruwa, mota ta lalace a hanya ɓata lokaci ne da kuɗin bakanike. A gabashin Sakkwato magana ce ta rai. A kan hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni, a Kwanar Maharba, 'yan bindiga suka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, kuma a watan Agusta labarin rasuwarsa a hannunsu ya girgiza ƙasa. Allah Ya jiƙansa. Ba lalacewar mota ce ta jawo wannan ba. Amma duk wanda ya san hanyar ya san abin da ake nufi idan aka ce shaf ya karye wa mutum a irin wannan wuri da la'asar sakaliya, da mata da yara a bayan mota.

To akwai hanyar da za a ji wannan tsaga tun tana jaririya? Akwai. Kuma 'yar uwar dabarar mai sayen tukunya ce, sai dai sautin da ake aikin da shi kunnen ɗan Adam ba ya jin sa.

Ƙarfen ya gaji

Idan sifirin ya karye ba tare da an yi karo ko an faɗa rami ba, bakanike yakan duba ya ce, "Ai ƙarfen ne ya gaji." Maganarsa daidai take, har ma kalmar da injiniyoyi ke amfani da ita a duniya ke nan: gajiya.

Ɗauki waya ka lanƙwasa, ba za ta karye ba. Miƙar da ita ka sake lanƙwasawa, ka yi ta maimaitawa, za ta tsinke a hannunka ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Nauyin da ƙarfe zai ɗauka sau ɗaya lafiya lau yana iya karya shi idan aka ɗora aka sauke sau miliyan.

Kuma miliyan ba nisa gare shi ba. Tayar ƙaramar motar kaya tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. A kowane juyi, gefen shaf ɗin da ke sama ya koma ƙasa, wanda ake ja ya koma wanda ake matsewa. Kilomita 2,000 sun isa a cika miliyan. Ƙaramin injin ban-ruwa na fetur, irin wanda masu noman rani ke kafawa a fadamar Rima, yana juyawa wajen sau 3,600 a minti ɗaya. Cikin awa biyar ya wuce miliyan.

Tsagar gajiya kusan kullum daga waje take farawa, a kan fatar ƙarfe: a gindin zaren ƙusa, a bakin rami, a gefen walda, a inda tsatsa ta ci ɗan gurbi, ko inda wani yaron gareji ya sa kurfi da guduma ya bar tabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ma haka ne. Daga wannan ɗan tabo tsagar za ta riƙa kutsawa ciki, kowane juyi ta ƙara abin da bai kai a ambata ba.

Wanda yake son ganin tarihinta da idonsa ya nemi karyayyen shaf a gareji ya dubi fuskar karayar. Zai ga kashi biyu. Ɗaya sumul ne, ya yi duhu, wani lokaci har da tsatsa, da layuka masu lanƙwasa kamar waɗanda gulbi ke bari a kan yashi idan ruwa yana janyewa. Wannan tsohuwar tsaga ce, ta yi watanni tana tafiya. Ɗayan kuma fari ne, mai kaushi, yana ƙyalli: abin da ya rage ke nan, wanda ya ɓalle a sakan ɗaya. Maƙeran da ke sayen guntun sifirin su ƙera adda da fartanya sun fi kowa ganin wannan fuska.

Turawa ma da jini suka koyi darasin. Ranar 8 ga Mayun 1842, gindin tayar kan wani jirgin ƙasa da ke dawowa Paris daga Versailles a Faransa ya karye, taragu suka hau juna suka kama wuta, mutum sama da 50 suka mutu. A shekarun 1850 da 1860 wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya ƙera injin da ke juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyi nawa kowanne zai yi kafin ya karye. Abin da ya gano har gobe da shi ake aiki: ƙara nauyi kaɗan yana rage kwanan ƙarfe da yawa.

A wuraren walda, ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce idan wahalar da ke kan wurin ta ninka biyu, kwanansa ya ragu sau takwas. Idan ta ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu kacal, kwanan ya koma kusan rabi. Mai motar da ke ƙara buhu biyar "tunda ba ta taɓa yin komai ba" ya lura da wannan lissafi. Ba ta yi komai ba ne a inda yake iya gani.

Ɗan hakin da ka raina

Me zai sa a damu da tsagar da ba ta kai milimita ɗaya ba? Saboda a nan take cinye mafi yawan rayuwarta. A ƙarfe mai santsi da aka ƙera da kyau, yawancin kwanakinsa suna ƙarewa ne tsakanin haihuwar tsaga da lokacin da za ta kai girman da ido zai gani. Daga nan kuma gudu take yi, domin gwargwadon zurfinta gwargwadon saurinta. Wanda ya ga tsaga da ido ya zo ne ana shirin tashi daga taro.

Akwai kuma wani abin da ya ba masana mamaki. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1975 a kan alminiyon ya nuna cewa 'yan ƙananan tsagogi suna girma da sauri fiye da yadda lissafin da aka samo daga manyan tsagogi ya nuna, har ma suna tafiya a ƙarƙashin nauyin da ake ganin bai isa ya motsa babbar tsaga ba. Wato lissafin da ake dogaro da shi yana iya ba ƙarfe kwanakin da ba shi da su. Daga nan aka shiga neman hanyar auna ƙaramar tsaga tana kan girma, ba tare da an fasa ƙarfen ba.

Ranar 3 ga Yunin 1998, a garin Eschede na Jamus, zoben ƙarfen tayar wani jirgin ƙasa mai gudun kilomita 200 a awa ya tsinke saboda tsagar gajiya. Jirgin ya sauka daga layi ya rushe gada a kansa. Mutum 101 suka mutu, a ƙasar da ake buga misali da ita wajen ƙira.

Igiyar da ke bin fata

Kunnen mutum yana jin sautin da ke kaɗawa har kusan sau 20,000 a sakan. Abin da ya wuce haka sai jemage da ire-irensa. Na'urar sikanin da ake ɗora wa mai juna biyu a asibiti tana aika sautin da ke kaɗawa sau miliyoyi a sakan, ya shiga jiki, ya bugi ƙashin jariri ya dawo, na'ura ta mayar da amsa-kuwwar hoto. Da irin wannan sauti ake duba ƙarfe. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Sokolov, ya kawo shawarar tun 1929, sannan Floyd Firestone na Jami'ar Michigan a Amurka ya sami rajistar na'urar da ke aika sauti ta saurari dawowarsa a 1942.

Matsalar ita ce sautin da aka harba kai tsaye cikin ƙarfe ya fi ƙwarewa wajen gano abin da ke can ciki. Abin da ke dab da bakin ƙofa yakan ɓace masa cikin ƙarar fitarsa. Ga shi kuwa tsagar gajiya a bakin ƙofa take zaune.

A nan wani tsohon lissafi ya yi rana. A 1885 masanin Ingila Lord Rayleigh, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1904, ya nuna da alƙalami cewa akwai wata irin igiyar motsi da ba ta nutsewa cikin abu mai tauri. Kan fatarsa take bi, kamar yadda igiyar ruwa ke bin saman tafki idan an jefa dutse. Shi girgizar ƙasa yake tunani, kuma an tabbatar daga baya cewa irin wannan igiya tana cikin masu jijjiga gidaje idan ƙasa ta motsa. Da sunansa ake kiran ta har yau: igiyar Rayleigh.

Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ma tana aiki da ita. A cikinta akwai 'yan mitsi-mitsin matatai da ke mayar da saƙon rediyo igiyar da ke gudu a kan fatar wani ɗan dutse mai ƙyalli, don a ware layin da ake so daga hayaniyar sauran.

A kan ƙarfe, wannan igiya tana gudun kusan mita 3,000 a sakan, wajen ninki tara na gudun sauti a iska. Tana bin lanƙwasa, tana zagaya sanda. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zurfin da take shiga, kuma masu sauraren rediyo sun riga sun san sirrin. Wanda ya taso yana murɗa akwati yana neman mita 25 ko mita 31 a gajeren zango, tsawon igiyar tashar yake nema, wato tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya na igiyar da na bayansa. Igiyar Rayleigh tana shiga ƙarfe zurfin zangonta ɗaya ne kawai, kusan duk ƙarfinta a nan ya taru. Idan tana kaɗawa sau miliyan ɗaya a sakan, zangonta milimita 3 ne. Idan sau miliyan biyar ne, ya koma ɗan sama da rabin milimita. Sau miliyan goma, kashi uku cikin goma na milimita.

Wato mai aunawa yana iya zaɓar zurfin da yake son dubawa kamar yadda ake zaɓar tasha. Kuma da yake ƙarfin bai watse cikin tumbin ƙarfen ba, ƙaramar tsaga ma sai ta tare masa hanya.

Yadda ake karanta amsar

Kayan aikin ba su da girma. Akwai ɗan kai mai kamar akwatin ashana, a cikinsa wani ɗan faifai da ke rawa idan an ba shi wutar lantarki, kuma yana ba da wuta idan an girgiza shi, don haka shi ne baki shi ne kunne. Ana ɗora shi a kan ɗan tudun roba mai tauri da aka yanka a karkace, a daidai kusurwar da za ta sa sautin ya kwanta a kan fata maimakon ya nutse. A ƙarƙashinsa ana ɗiga ɗan mai, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ke shafa wa ciki man sikanin, domin ko siririyar iska ta shiga tsakani sautin ba zai ƙetare ba. Sai waya zuwa akwati mai allo.

Abu na farko da ake samu shi ne inda tsagar take. A cikin kashi ɗaya bisa miliyan na sakan igiyar tana cin milimita 3. Idan amsa ta dawo bayan irin wannan kashi 20, ta yi tafiyar milimita 60 zuwa da dawowa, ke nan tsagar tana milimita 30 daga kan na'urar. Masu aikin suna da wata dabara mai daɗi a nan. Su shafa mai a yatsa su riƙa taɓa ƙarfen suna matsawa gaba. Muddin yatsan yana tsakanin na'ura da tsaga, zai shanye igiyar, alamar da ke kan allo ta ragu. Da zarar ya ƙetare tsagar, alamar ta daina kula shi. A nan za a sa alli.

Zurfi shi ne babban aiki, domin shi ke faɗin kwana nawa suka rage. Idan tsagar ta fi zangon igiyar zurfi, wani kaso na igiyar yakan gangara ta bangonta, ya zagaya ƙarshenta, ya hauro ta ɗaya bangon ya ci gaba, kamar mai tafiya a ƙasa da ya iske kwazazzabo babu gada. Idan aka ajiye kunne na biyu a ƙetare, za a ga ya iso a makare. Tsaga mai zurfin milimita 3 ta ƙara masa tafiyar milimita 6, wato jinkirin kashi biyu bisa miliyan na sakan. Na'ura tana auna wannan cikin sauƙi.

Idan kuwa tsagar ba ta kai zangon ba, sai a koma ga ƙarfin amsar. Jaririyar tsaga ɗan abu kaɗan take mayarwa, saura ya wuce ta ƙarƙashinta. Tana ƙara zurfi, amsar tana ƙara ƙarfi da sauri. Da wannan hanya masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, a shekarun 1980, suka riƙa bin girman tsagogin da zurfinsu bai wuce kaurin gashin kai ba, ƙarfen yana kan injin gwaji ana ja ana saki.

Hanya ta uku ita ce a aika igiyoyi masu zango daban-daban a tare. Ka ɗauki ramin da ruwa ya yanka a kan hanya. Tayar keke za ta faɗa ta tsaya, tayar tirela ta haye ba ta ma sani ba. Haka gajerun igiyoyi ke maƙalewa a tsaga, dogaye su wuce. Idan aka duba waɗanda suka iso da waɗanda suka ɓace, iyakar da ke tsakaninsu tana nuna zurfin.

Sai dai tsaga tana da wayo. A 1970 injiniya Wolf Elber ya bayyana cewa tsagar gajiya takan rufe bakinta gam idan an sauke mata nauyi, har ma kafin nauyin ya gama sauka. Bangayenta biyu su manne, sauti ya ratsa kamar babu komai, na'ura ta ce ƙarama ce ko ta ce babu. Mota tana tsaye babu kaya a gareji, tsagarta tana barci. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake auna ta ana jan ƙarfen a hankali, a ga daidai nauyin da take buɗe baki. Wannan adadi ma ilimi ne, domin tsaga ba ta girma sai bakinta a buɗe.

Kada a ɗauka abin tsafi ne. Igiyar da ke jin tsaga tana jin tsatsa, da ɓawon fenti, da tartsatsin walda, da ɗigon mai. Sai an goge wurin tas. Idan aka matsa wa zangon ya yi gajarta ƙwarai don a kama mafi ƙanƙantar tsaga, ƙwayoyin ƙarfen kansu sukan fara mayar da amsa, allo ya cika da shirme. Kuma na'urar ba ta magana. Mutum ne zai fassara, kuma mutumin da bai ƙware ba ya fi rashin na'urar haɗari, tunda zai ba da takardar lafiya ga abin da ke dab da karyewa. Saboda haka ne ƙa'idar duniya ta ISO 9712 ta kasa masu wannan aiki mataki uku, kowane mataki da awannin horo da jarrabawarsa, har da gwajin ido.

Ina abin ya shafe mu?

Gaskiya ita ce ba a sa ran ganin wannan akwati a garejin bakin tasha a Gatawa nan kusa, inda ko sabis ɗin waya wani lokaci sai an nema. Amma akwai manyan ƙarafa a ƙasar nan da rayukan talakawa ke rataye a kansu, kuma su ba su da uzuri.

Na farko layin dogo. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Maraɗi kuwa ga Bagobiri gida ne, Tsibiri tana nan kusa da ita. Ma'aikatan tsofaffin layukan dogo, irin wanda ya isa Ƙaura Namoda a 1929, sun gaji al'adar bin taragu da doguwar guduma ana bugun taya ana saurare, dabarar mai tukunya sak. Jirgin zamani ya fi ƙarfin guduma.

Ranar 17 ga Oktoban 2000, a Hatfield da ke Ingila, ƙarfen dogo ya farfashe a ƙarƙashin jirgi, mutum huɗu suka mutu. Sanadin shi ne ɗimbin ƙananan tsagogi da gugar taya ta haifar a saman ƙarfen. Irin waɗannan tsagogi sukan kwanta a karkace, ta sama ta yi wa ta ƙasa laima, sautin da aka harba daga sama ya kasa ganin mai zurfin. Bayan wannan hatsari masu bincike a Jami'ar Warwick suka yi aiki a kan auna su da igiyar Rayleigh, da wani irin kai mai maganaɗisu da naɗin waya wanda ke haifar da igiyar a cikin ƙarfen ba tare da ya taɓa shi ba, ba kuma buƙatar mai. Tambayar da ta kamata 'yan majalisarmu su yi tun yanzu, kafin a yanka kirtani a yi tafi, ita ce wa zai riƙa duba layin Maraɗi, da wace na'ura, duk wata nawa, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta albashinsa.

Na biyu bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, wanda kowace gaɓarsa walda ce. Na uku, kuma mafi kusa da gida, madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 900. Ƙofofinta da abin da ke ɗaga su ƙarfe ne, sun shekara 40 ruwa yana bugu yana saki. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san abin da Rima ke yi idan ya fi ƙarfin mai tsaronsa. Haka gadojin da motocin kaya ke hawa dare da rana, waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai sun rufta.

Masu koyon aikin ba sai an ɗauko su daga waje ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen injiniyancin ƙarafa, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato. A ganina, saurayin da ya tashi a gareji yana gane ciwon inji da kunne ya riga ya yi rabin karatun. Abin da ya rage masa lissafi ne da takarda.

Akwai kuma kasuwar kayan gyara. Wanda ya sayi shaf na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ga an wanke shi yana ƙyalli, bai san juyi miliyan nawa ya yi a Turai kafin ya hau jirgin ruwa ba. Ƙarfe ba ya hutawa ya warke, gajiyar da ya tara tana nan. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi da za ta haɗa kuɗi ta sayi na'ura ɗaya, ta horar da mutum biyu, a riƙa biyan ɗan wani abu ana duba kaya kafin a ɗaura, ba ƙaramin aiki za ta yi ba.

Kananzir da alli

Kafin wannan rana ta zo, akwai tsohuwar dabarar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita tun fiye da shekara 100, kuma kayanta suna kowace kasuwa. A kwance ƙarfen, a wanke shi tas, a kankare tsatsa. A jiƙa shi da kananzir da aka gauraya da ɗan baƙin mai, a bar shi ya sha na ɗan lokaci. A goge shi sarai har ya bushe a ido. Sannan a shafa masa farin alli da aka dama, siriri, a bari ya bushe, a ɗan buga da guduma. Man da ya ɓuya a cikin tsaga zai tsatso ya zana baƙin layi a kan farin. Ba za ta faɗi zurfi ba, kuma ba za ta kama wadda ta rufe baki gam ba, amma tana kama da yawa da ido zai wuce. A yi ta nesa da wuta da mai walda.

Wuraren dubawa su ne inda kauri ya canza a jikin shaf, da gindin zare, da kewayen ramin ƙusar tsakiyar sifirin, da gefen kowace tsohuwar walda a jikin firam ɗin mota ko babur. Jan ƙura mai kama da garin tsatsa da ke fitowa daga wata gaɓa ma alama ce cewa ƙarfe biyu suna cin juna a wurin.

Idan an ga layin, kada a ce wa mai walda ya bi ta kai. Walda a kan tsaga rufe ta kawai take yi, ƙarshenta mai kaifi yana nan a ƙasa yana tafiya, ga kuma sabon gefen walda da wata za ta fara. A jikin firam, mai gyaran kirki yakan huda ɗan rami a daidai ƙarshen tsagar don ya dakushe ta, ya goge ta har gindi da garinda, sannan ya cike. Shaf, da sifirin, da ƙarfen sitiyari, da ƙusar taya kuwa ba a yi musu wannan. Idan sun nuna layi, a cire su a kai wa maƙeri.